Sunansa Hamad, Ba Samara Ba

Da an sallame sallar asuba a ƙaramin masallacin da ke bayan kasuwar Hayyin Ashir a birnin Alƙahira, shi ne na farkon ɗaukar takalmi. Ba ya tsayawa dogon gaishe-gaishe, domin mikrobas ta farko, ƙaramar bas ɗin haya, ba ta jiran dattijo. Yakan takure a kujerar baya da ledar ful, wato dafaffen wake, da burodi a cinya, ya sauka ya sake wata motar, har ya isa Ma'adi, unguwar inuwa da karnukan da ake yi wa wanka. A can akwai wani kulob na baƙi, yawancinsu Amurkawa ma'aikatan kamfanonin mai da malaman makaranta, a bayan kulob ɗin kuma akwai filin besbol. Ba zan kira sunan kulob ɗin ba. Su ma sun shekara ashirin da ɗoriya ba su kira nasa ba.

Sunansa Hamad Abakar Zubairu. Ku riƙe shi da kyau, don a kan sunan nan raina ya ɓaci har na zauna rubutu.

Kafin rana ta ɗaga ya gama jan manjagara a kan jar ƙasar fili, ya tsince tsakuwa da hannu don kada ƙwallo ya yi tsalle ya fasa wa wani haƙori. Ya ja tiyo ya yayyafa ruwa daidai yadda ƙura za ta kwanta ba tare da an yi taɓo ba. Sannan ya ɗaure igiya, ya tura 'yar kurar farar ƙasa a kanta, ya fitar da layuka miƙaƙƙu sambal. Farar ƙasar nan ta cinye masa fatar yatsu, ta mayar da idanunsa jajaye kullum, har baƙon da bai san shi ba zai ɗauka kuka ya yi. Da yamma masu wasa su zo su tattake layukan, gobe ya sake ja. Ranar wasa kuma ya ɗaura abin kare ƙirji da na fuska ya tsaya alƙalanci, saboda a cikin masu kulob babu mai son tsayuwar nan cikin rana.

Na san da yawanku ba ku san wasan ba, kuma ba laifinku ba ne. Rilwanu, wani ɗalibi ɗan Gusau da ke karatun fiƙihu a nan Alƙahira, shi ma bai san shi ba ranar da ya fara bin Hamad filin. Ya ce da ya ga mutane sun yi cirko-cirko, kowa da ƙatuwar safar hannu guda ɗaya, ya zaci wani abu suka yar suke nema. Sai Hamad ya kama hannunsa ya kai shi gaban wata farar roba mai kusurwa biyar da aka binne a ƙasa.

"Ya zol, wasan kakanninmu ne, masu tafiya hajji a ƙafa," in ji shi, da kiran 'yan Sudan mai nufin kai mutumina. "Ka ga wannan? Gida ke nan. A nan kake tsayawa da kulki, a jefo maka ƙwallo ka buga. In ka buga sai ka bar gida da gudu. Ga zango na fari, ga na biyu, ga na uku. Kana kan zango ba mai taɓa ka, amma zango ba wurin zama ba ne. Ba a lissafa maka komai sai ka zagayo ka taka gida. Wani yana tsaye a zango lokaci zai ƙare masa, khalas, shi ke nan, ya sha gudu a banza."

Ba a littafi ya samo wannan bayani ba. Kakansa Zubairu ya bar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, ya yi ta yada zango har Mai Wurno a ƙasar Sudan, a bakin Kogin Nilu, ya tsaya neman guzurin ƙarasawa, ya yi aure, ya haifi Abakar, ajali ya same shi a can. Bai ga Makka ba, bai koma Haɗeja ba. Abakar ya ƙare rayuwarsa a gonakin auduga, ana ce masa Fallata, a bakin masu faɗar kuma ba yabo ba ne. Hamad bai gaji gona ba, bai gaji ɗaki ba, ko ƙofar Haɗeja bai taɓa gani ba. Abin da ya gada shi ne Hausa da sunaye uku, waɗanda ubansa yakan sa shi ya jera tun yana ƙarami, kamar yadda ake biya wa yaro karatu.

To ta yaya mai sunaye uku ya wayi gari babu ko ɗaya? Da neman abinci ya kawo shi Alƙahira, a makonsa na farko a kulob ɗin, Husam, Bamisiren da ke sayar da shayi a bakin ƙofa, ya ƙwala masa kira: "Ya Samara!" Duk baƙin mutumin da ya taɓa taka titin Alƙahira ya san kiran nan. Da shi direba ke kiranka, da shi yara ke binka suna dariya, ma'anarsa dai kai baƙin nan. In ka nuna ɓacin rai a ce maka wasa ne, ƙauna ce. Shugaban kulob na wancan lokacin ya ji, ya ɗauka suna ne, ya gutsure shi ya mayar da shi Sam. Hamad ya gyara masa, ya sake gyara masa, mutumin ya ce harafin farko na Hamad yana kankare masa maƙogwaro. Mutanen da ke iya kiran sunayen taliyar Italiya kala-kala ba tare da harshensu ya harɗe ba! Tun daga nan duk shugaban da zai tafi sai ya miƙa wa na bayansa makullai, da injin yankan ciyawa, da Sam. Hamad ya haɗiye, don akwai bakuna a gida da ke jiran abinci.

Bari in gaya muku abin da mutumin da ba su san sunansa ba ya yi musu. A Janairun 2011, da gari ya rikice, 'yan sanda suka ɓace daga tituna, baƙin nan suka cika filin jirgi da akwatunansu. Ba wanda ya ce masa zauna, ba wanda ya ce masa tafi, mantawa da shi kawai aka yi. Husam ya shaida cewa a kwanakin da mota ta yi wuya, Hamad a ɗakin ajiyar kaya ya tare, yana shayar da ciyawar da babu mai taka ta. Samarin unguwa masu tsaron tituna suka zo neman kulake, ya ba su waɗanda suka tsage, ya ɓoye masu kyau a ƙarƙashin buhunan farar ƙasa. Da ƙura ta lafa baƙin suka fara dawowa, suka tarar da fili kore shar, ko safar hannu ɗaya ba ta yi ƙafa ba. Suka bubbuga masa kafaɗa, suka ce Sam na daban ne, suka ba shi sabuwar hular hana sallah.

Shi kuwa abu ɗaya ya roƙa: a bar masa filin da safiyar Juma'a, lokacin da masu kulob ke barci. Aka bar masa. Ya tattaro mutanen Ashir, 'yan Sudan da 'yan Cadi da 'yan Iritiriya da ɗaliban Nijeriya irin su Rilwanu, masu dako da masu goge-goge a ofisoshin unguwar Mohandisin, mutanen da ke yini ana kiransu da abin da ba sunansu ba. Ya koya musu wasan da Hausa da Larabcin Sudan. 'Yarsa Amna, wadda ke aikin shara a wani ofishi, ita ta zama mai cafe ƙwallo, wato wadda ke tsugunawa a bayan mai bugu. Ranar da Hamad ya ce mata, da zuciya ɗaya, "Je ki tsuguna a bayan gida," sai da aka tsayar da wasa saboda dariya, Rilwanu har da birgima a ciyawa. Amna ta kafa doka daga ranar cewa wurin nan sunansa gadi, duk wanda ya sake kiran wancan kuma ita da shi ne.

A bazarar 2013 gari ya sake ɗaukar zafi, baƙi suka sake tattara kaya, waɗanda suka rage ba su isa haɗa ƙungiya biyu ba. Da gasar kulob ɗin ta mutu murus, ba don mutanen Juma'a ba. Su suka cike guraben, suka yi gudu, suka zubar da gumi, har aka kammala kakar wasa. Amma da an tashi, masu kulob su shige zauren da ke da na'urar sanyi da lemo mai ƙanƙara, mutanen Hamad kuma su yi layi a bakin tiyo. Zauren na membobi ne kawai, in ji doka. Dokar ba ta hana ɗan Ashir zamewa a ƙasa ya ɗaye gwiwa don ƙungiyarsu ta ci ba.

Hamad kaɗai ke shiga zauren nan, shi ma da tsumma a hannu. A bangon akwai hotunan gwarazan wasan na Amurka, ga kabad cike da littattafan tarihinsu da masu tafiya suka bari. Mutanen nan, in dai wajen girmama nasu ne, ba su da wasa. Suna da gida guda a ƙasarsu da suke ajiye sunayen gwanayensu a kan allunan tagulla, suna jingine lambar rigar gwarzo kada wani ya sake sa ta, suna gayyatar dattijo ya yi jifan farko a buɗe wasa da hannunsa. Amna takan aro littattafan ta karanta wa ubanta, ta fassara masa. A nan ya ji cewa an yi zamanin da aka hana baƙaƙe shiga manyan ƙungiyoyi, suka kafa nasu, suna kwana a mota saboda masauki ba ya karɓarsu. Hoton baƙin mutum na farko da ya keta shingen nan yana tsakiyar bango, kuma ya fi kowane hoto shan tsumma.

A farkon 2014 idanun Hamad suka fara gazawa, aka ce ya kusa ajiye aiki ya huta. Kulob kuma yana shirin bikin cika shekaru, za a fitar da littafin tarihinsa, a kafa nasa bangon gwaraza. Suka yanke cewa tsohon mai fili zai samu allon tagulla, shi zai yi jifan farko. Suka sa bikin a watan Afrilu, ranar da suke tunawa da wancan baƙin gwarzon. Da aka gaya wa Hamad, sai da ya shiga ɗakin ajiya ya share hawaye. Ya aika aka wanke farar jallabiyarsa, ya gaya wa duk wanda ya sani a Ashir.

Husam ne ya fara ganin allon, ranar da aka kawo shi a kwali aka ajiye a bakin ƙofa. Tun shekaru da yawa ya daina wancan kira, ya koma cewa Abu Amna, sun ci abinci a kwano ɗaya, sun yi wa juna ta'aziyya. Ya bar butar shayinsa a wuta ya sami Hamad a tsakiyar fili.

"Ya Abu Amna, wallahi da ƙasa za ta buɗe da na shige," in ji shi. "Na ba wani ɗan makaranta ya karanta mini. Sam Samara suka rubuta. A littafin ma haka. Bakina ne ya jawo maka, ka yafe mini."

Hamad ya ajiye tiyo yana zuba, ya nufi ofis. Shugaban kulob na lokacin mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ba ta jin magana. Ya tarbe shi da hannu biyu.

"Mista, abin da ke kan allon nan ba sunana ba ne."

"Haba Sam! Kowa da shi ya san ka. Sunan ƙauna ne."

"Da shi ake kiran baƙin mutum a titi in ba a damu a san ko wane ne shi ba. Sunana Hamad. Ubana Abakar. Kakana Zubairu."

Fuskar mutumin ta yi ja, sannan ya ce an riga an zuba tagulla, littafi ya fito daga maɗaba'a, baƙi sun amsa gayyata. Ya rufe da kalmar Larabci ɗaya tilo da ya iya, ta ba da haƙuri: "Ma'alish." Har Hamad ya kai ƙofa sai shugaban ya ƙara masa da cewa kwamiti zai zauna kan maganar Juma'a bayan biki, akwai masu ƙorafi, don haka yana da kyau biki ya tafi lami lafiya. Ya faɗa yana murmushi.

Ma'alish! A taka ka a mota a ce ma'alish, a hana ka haya saboda launinka a ce ma'alish, yanzu kuma a zuba zagi a tagulla a manna a bango a ce maka ma'alish. Ku duba girman rainin. Za a buga littafi, an zauna an tantance shekarar da aka dasa kowace bishiya a kulob ɗin, an rubuta wa tsofaffin membobi har Texas don a tabbatar da harafin sunansu, amma mutumin da ke tsaye a bayan taga da tiyo a hannu ba a iya leƙowa a ce, bawan Allah, yaya sunanka ba. Ba mugunta suka shirya ba, na yarda. Ni a wurina wannan ya fi muguntar ciwo, domin mai shirya maka mugunta aƙalla ya zauna ya yi tunaninka.

Da la'asar ranar, Amna da Rilwanu suka same shi a ɗakinsa na Ashir, shayi ya huce a gabansa. Rilwanu ya fara magana, yana murza hularsa.

"Baba Hamad, a yi haƙuri a amsa. Ƙarfe ne kawai a bango. In suka karɓe Juma'a ina za mu? Wallahi akwai waɗanda duk mako safiyar nan kaɗai suke dariya."

"Yaba, kar ka amsa," in ji Amna. "Na baki iska ke kwashewa, mun jure. Wannan zai zauna bayan ranka. Wata rana jikanka zai tsaya gaban bangon nan ya tambaye ni wane ne Samara, me zan ce masa?"

Hamad ya jawo kofin shayin gabansa. Ya san Rilwanu bai yi ƙarya ba. Shi ya ga yadda mai dako ke zuwa kafaɗa a sunkuye, ya buga ƙwallo ɗaya mai kyau, ya koma gida yana tafiya kamar mai gari. Filin nan shi ne abu mafi girma da ya taɓa ba wa wani a rayuwarsa, kuma da bakinsa zai iya rushe shi. Amma ya tuna ubansa a bakin gonar auduga yana cewa, jera su in ji, shi kuma yana jerawa. Ya ɗauki shayin mai sanyi ya shanye, ya ce su tashi lokacin salla ya yi.

Ranar biki ya riga kowa zuwa, ya ja layuka mafi kyau da ya taɓa ja, sannan ya sa farar jallabiya ya zauna a benci tare da mutanen Juma'a. Aka yi jawabai. Aka yabi baƙin gwarzon Amurka da ya jure zagi bai rama ba, har wata mata ta share ido. Aka yaye ƙyalle daga bangon gwaraza da aka kafa a gefen fili, aka tafa. Sai shugaba ya ɗauki lasifika ya ce yanzu jifan farko, daga hannun abokin kowa, Sam Samara.

Tafi ya tashi, Hamad bai tashi ba. Shugaba ya sake kira yana dariya, yana nuna shi da hannu, wai ko tsufa ya taɓa kunne. Hamad yana kallon gabansa. Tafin ya yi ta raguwa har ya mutu, aka bar kukan hankaki a kan bishiya. Rilwanu ya ce shi a lokacin ya san Juma'a ce ke tafiya yana kallo.

Sai dattijon ya miƙe. Bai nufi tudun da ake jifa ba, ya nufi ɗakin ajiya, ya fito da gwangwanin madara da ya huda gindinsa, wanda yake gyara kusurwoyin layi da shi, cike da farar ƙasa. Ya tattare jallabiya, ya sunkuya a kan jar ƙasar da ya share da hannunsa da safe, ya fara daga wajen zango na fari yana tafiya hagu. Manyan haruffan Larabci, kowanne ya kai tsawon mutum. Hannun da ya saba jan layi ne. Matar shugaba ta juyo ta tambayi Amna me yake zanawa, Amna ta amsa mata da Turanci mai kyau cewa sunan mutumin da suke karramawa ne.

Da ya kai kusa da zango na uku ya miƙe, farar ƙasa ta ɓata masa gaban riga. Masu kulob suna kallon rubutun, ba su iya karantawa ba. Sai aka ji murya daga bakin ƙofa, muryar da ta saba tallar shayi, wadda ba ta buƙatar lasifika. Husam ne, ya hau kan akwatin lemo.

"Hamad! Abakar! Zubairu!"

"Na'am," in ji Hamad.

Mutanen Juma'a suka miƙe suka ɗauka, ma'aikatan kicin Misirawa suka fito da tawul a kafaɗa suka ɗauka, har wasu daga cikin baƙin, waɗanda kunya ta kama da gaske, suka shiga gwadawa, kuma ban ji labarin maƙogwaron kowa ya kankare ba. Hamad ya hau tudu. Amna ta sa abin kare fuska ta tsuguna a wurin gadinta. Ya yi jifan, kafaɗa ta tsufa, ƙwallon ya faɗi ƙasa kafin ya isa gida, ya yi tsalle, ta cafe shi ta riƙe a ƙirji. Aka fara wasa, masu gudu suka bi ta kan rubutun, kafin a yi nisa babu harafi ɗaya da ya rage. Rilwanu ya nuna masa cikin takaici, Hamad ya ce, "Farar ƙasa ce, ya zol, aikinta ke nan. An dai karanta."

Kwamiti ya zauna, ba sai na gaya muku abin da ya yanke ba. Aka ce inshora ba ta rufe waɗanda ba membobi ba, inshorar da ba a tuna da ita ba lokacin da ake neman masu cike gurbi. Aka karɓe Juma'a. Allon tagulla aka cire shi, aka ce za a gyara, yau shekara ta zagayo ramukan ƙusoshinsa ne kawai a bangon. Littafin kuwa yana nan a kabad yadda aka buga shi. Wasu daga cikin mutanen Juma'a sun ji haushin Hamad, biyu ma sun daina gaishe shi, kuma bai taɓa cewa ba su da hujja ba. Ya ce ya ɗauki abin da yake nasu ya sayi abin da yake nasa, Allah ya yafe masa.

Kada 'yan uwanmu Hausawa na nan su karanta wannan su yi ta girgiza kai suna tsine wa Turawa, don ban gama ba. Ku da kuke wuce shi a ƙofar masallaci kuna cewa Baba Fallata, ko Baba mai kulki, me ya raba ku da mai lasifika? Kun haddace sunayen maruwaita na ƙarni bakwai da na kakanninsu, amma dattijon da ke jin yarenku, wanda kakansa ya fito daga ƙasarku a ƙafa, ba ku taɓa zama kun tambaye shi daga wane gida yake ba. Wasunku har wa'azi suka yi masa cewa wasan banza yake koya wa mutane. Ranar da aka kwantar da ɗayanku a asibiti, 'yan wasan banzan nan ne suka yi layi suka ba da jini.

Baba Hamad, yanzu da kai nake. Kai ne ka ja layi shekara da shekaru kana sane da yamma za a tattake shi, ba ka taɓa jan karkatacce don haka ba. Kai ne ka tsare kayan mutanen da suka manta da kai a bayan ƙofa. Kai ne ka ɗauki wasan wata ƙasa ka sa masa zango da gida, har mai dako ya gane shi ya ga kakansa a ciki. Jikan mai tafiyar ƙafa, mai layi miƙaƙƙe. Sun so su rataye ka a bango da sunan da ba naka ba, ka gwammace naka ko da na rabin sa'a ne a ƙasa.

Ba ka zauna ba. Yanzu duk safiyar Juma'a ana ganinka a wani fegi a ƙarshen Ashir, bayan inda manyan motoci ke kwana, kana tsince kwalabe da ƙusoshi kafin mutane su zo. Babu ciyawa, babu tiyo. Zangunan buhunan siminti ne da aka cika da yashi, gidan kuma Rilwanu ya yanko shi daga tsohuwar tayar tirela ya shafa masa fenti. Ba duka suka dawo ba, amma ana haɗa ƙungiya biyu. Idonka bai kai alƙalanci ba, Amna ta karɓa, kai kana zaune a kan bulo kusa da gida da doka ɗaya da ka ƙara wa wasan, wadda ba ta cikin kowane littafi na kabad ɗin can: ba mai ɗaukar kulki sai ya juyo ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa da ƙarfi, jama'a su maimaita. Na ga ƙato ɗan Darfur, mai ɗaukar firji a baya shi kaɗai, ya zo kan sunan kakansa murya ta sarƙe masa, aka jira shi har ya iya.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya saka maka da gidan da ba a tashin mutum daga cikinsa. Ku kuma masu karatu, ba na roƙonku ku koyi besbol. Akwai mai share muku ofis, akwai mai kawo muku tukunyar gas har hawa na biyar, akwai wadda ke wanke muku kwanuka, kuma wani laƙabi kuke kiransu da shi wanda ba ku san wa ya raɗa ba. Gobe ku tsaya ku tambaya, in an faɗa muku ku riƙe, in ya yi muku nauyi a baki ku yi ta gwadawa har ya zauna. Wanda kuma Juma'a ta same shi a Alƙahira, ya hau mikrobas ta Ashir ya sauka a tashar ƙarshe, ya bi ƙarar kulki. Zai ga dattijo mai jajayen idanu a kan bulo. Ya yi masa sallama, ya kira shi Hamad Abakar Zubairu, duka ukun, kada ya gutsure ko ɗaya. Zai amsa.